Mace, kare da dala miliyan 54.9: yadda ake karanta zanen da Picasso ya yi a 1962

Ranar 14 ga watan Mayun 2019, a gidan gwanjon Sotheby's da ke birnin New York, aka sayar da wani zane da shahararren mai zanen nan ɗan Sifaniya, Pablo Picasso, ya yi a 1962, kuɗin ya tsaya a dala miliyan 54.9 har da la'adar masu gwanjon. A canjin wancan lokacin da dala take wajen naira 360, abin ya kusa naira biliyan 20. Sunan zanen da Faransanci Femme au chien, wato mace da kare, kuma abin da ke ciki ke nan ba ƙari, mace zaune a kujera, kare a gefenta, hannunta a jikinsa. Amma duk wanda aka miƙa wa hoton a waya kusan magana ɗaya yake yi, wai me ya sa fuskar a karkace take, hanci ya nufi gabas ido ya nufi yamma, me kare yake yi a jikin mace, kuma wai ai ɗan firamare ma zai iya wannan.

Maganar tana da rassa, kuma cakuɗa su ne yake kawo ruɗani. Dalilin da ya sa aka zana fuskar haka daban, abin da kare yake nufi a zanen Turawa daban, kuɗin kuma nasa lissafin daban ne kwata-kwata.

Kalmomin da ake ta jefawa

Zanen siffa shi ne zanen wani mutum takamaimai wanda aka san shi, ba wai kowace mace ba. Shekaru ɗaruruwa a Turai aikin mai zanen siffa kamar aikin mai ɗaukar hoto ne a yau: sarki ko attajiri ya biya, a zana shi da matarsa, ya fito sak, in da hali ma a ɗan rage masa tumbi. Sai kyamara ta shigo. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Paris, kuma cikin 'yan shekaru abin da mai zane yake kwashe watanni yana yi ya zama na'ura tana yi da araha. To daga nan masu zane da yawa suka fara tambayar kansu, in dai kamanni ake nema ga inji nan, mu mene ne namu?

Amsoshin da suka bayar daga wajen 1860 zuwa tsakiyar ƙarni na 20 su ake tarawa a kira modanizim, ko a ce salon zamani. Ba salo ɗaya ba ne, taron salo ne, wasu suka bi launi, wasu suka bi mafarki, wasu suka bar zana abin da ido yake gani gaba ɗaya. Abin da ya haɗa su shi ne sun daina ɗaukar zane a matsayin taga da kake leƙawa ka ga duniya, suka ce zane fenti ne a kan ƙyalle, kuma ba laifi a ga hakan.

Kubizim kuma reshe ne a ciki, wanda Picasso da abokinsa Georges Braque suka kafa a Paris tsakanin wajen 1907 da 1914. Tunaninsu mai sauƙin faɗa ne. Idan kana zaune da mutum ba ta gefe ɗaya kake ganinsa ba, yana juyowa yana kau da kai, ka ga gefen hancinsa yanzu, anjima ka ga idonsa biyu, kuma duk wannan shi ne mutumin a ƙwaƙwalwarka. Kyamara tana kama daƙiƙa ɗaya ne daga wuri ɗaya. Su kuma suka ce bari mu zuba ganin gaba da ganin gefe a fuska guda. Karkacewar da ake gani a fuskar matar nan daga can ta samo asali, duk da cewa a 1962 an yi kusan shekara 50 da wuce zamanin kubizim na ainihi, ya riga ya zamar wa mutumin kamar rubutun hannunsa.

Akwai hannun Afirka a tarihin, wannan ba a musu a kai. A 1907 Picasso ya shiga gidan tarihin Trocadéro a Paris ya ga fuskokin sassaƙa da Turawan mulkin mallaka suka kwaso, ya ga yadda masassaƙan ba su damu da kwaikwayon fuska sak ba amma fuskar tana da kwarjini. Abin da ake jayayya a kai har yau shi ne ko koyo ya yi ko kwasa ya yi bai ce an gode ba.

Wai bai iya zane ba ne?

Wannan ita ce mafi sauƙin amsawa. An haifi Picasso a Malaga ta ƙasar Sifaniya a 1881, babansa malamin zane ne, kuma yana ɗan shekara 15 ya yi wani babban zane na likita da mara lafiya a gado, a 1897, wanda yake nan a gidan tarihin Picasso na Basalona, duk wanda ya gan shi zai ga komai a wurinsa yake, hannu hannu ne, fuska fuska ce. Ya iya ɗin, ya bari ne da gangan. Ko barin ya yi kyau ko bai yi ba, nan ne ra'ayi ya rabu, amma batun rashin iyawa bai taso ba.

Wace ce matar, wane ne karen

Matar Jacqueline Roque ce, matarsa ta biyu ta aure. Sun haɗu a farkon shekarun 1950 a wata masana'antar tangaran mai suna Madoura a garin Vallauris, kudancin Faransa, ita tana aiki a wurin shi kuma yana zuwa yin tukwane da farantai. Ya girme ta da fiye da shekara 40. Matarsa ta farko, Olga Khokhlova, sun daɗe da rabuwa amma ba a yi saki ba har ta rasu a 1955, sai a watan Maris na 1961 aka ɗaura aurensa da Jacqueline a ɓoye, kuma a shekarar suka koma wani gida a Mougins, wanda a nan ya zauna har ya mutu a watan Afrilun 1973. Ke nan lokacin da aka yi zanen nan auren bai cika shekara biyu ba, tsoho ne da ya haura 80 yana zana amaryarsa a sabon gida.

Ya zana ta fiye da sau 400, fiye da duk wata mace a rayuwarsa. Yana da alamomin da yake gane ta da su kuma yake maimaitawa: dogon wuya, manyan idanu baƙaƙe, baƙin gashi, zama a miƙe kamar basarakiya. Wanda ya saba da aikinsa da ya hango waɗannan ya san ita ce, ko da an raba fuskar gida biyu.

Karen kuma sunansa Kaboul, sunan babban birnin Afganistan, domin jinsinsa na can ne. Karen farauta ne mai dogon baki siriri da dogayen ƙafafu, ƙirar jikinsa ta yi kusa da karnukan Buzaye na yankin Azawak, sai dai shi gashi ne da shi buzu-buzu, kunnuwansa suna zubowa gefen fuska kamar gashin mace da aka sake. A riƙe wannan siffar, za a dawo kanta. Picasso mutum ne mai tara dabbobi, ya yi akuya a gida, ya yi mujiya, ya yi tantabaru, kuma kafin Kaboul akwai wani guntun kare mai suna Lump wanda ya cusa a zane-zanensa na 1957, inda ya cire ƙaton karen da ke cikin wani tsohon zanen fadar Sifaniya na Velázquez ya sa nasa.

Kare a idon Bature mai zane

A nan ne mai kallo Bahaushe zai iya karanta abin a juye. A wurinmu kare na gadi ne da farauta, wurinsa waje, kuma a haɗa sunan mace da kare a jimla ɗaya zagi ne. A al'adar zanen Turai kuwa kusan akasin haka ne. Tun zamanin da, a kaburburan manyan mutane da ake sassaƙa surarsu a kwance, sau da yawa za ka ga zaki a ƙafar mijin, kare a ƙafar matar, zaki jarumta, kare amana. A zanen Jan van Eyck na 1434 da ke Landan, na wani ɗan kasuwa Arnolfini da matarsa, ga ɗan ƙaramin kare nan a tsaye a gabansu, kuma wani masanin tarihin zane, Erwin Panofsky, ya fassara shi a 1934 da cewa alamar riƙon amanar aure ne. Wasu masanan daga baya suka ce a'a, kada a cika zurfafawa, karen ɗaki ne mai tsada, nuna arziki ne kawai kamar yadda mutum zai ɗauki hoto a jikin motarsa.

Mai zanen Italiya Titian ma a 1538 ya zana mace kwance da ɗan kare yana barci a ƙarshen gado. Da mai zanen Faransa Édouard Manet ya zo a 1863 yana so ya tsokani jama'a, sai ya ɗauki wannan tsarin ya cire karen ya sa baƙar mage ta ɗaga jela, kuma da aka baje shi a 1865 mutanen Paris suka gane saƙon nan take, aka yi ta surutu. Ka ga ke nan harshe ne da masu kallo suka sani. Shi kansa Picasso a 1941 ya zana Dora Maar, wata da suka yi soyayya mai cike da rigima, ya ɗora mata mage a bayan kafaɗa ya yi mata farata zaƙo-zaƙo. Bayan shekara 21 ya zana Jacqueline ya ba ta kare. Masu sharhi da yawa daga wannan bambancin suke fara karatu.

Inda fassara ta rabu

Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne a zane-zanen wannan lokacin matar da karen suna kama da juna, kuma ba kuskure ba ne. Dogon bakin kare yana amsa dogon hancin matar, zubin kunnuwansa yana amsa zubin gashinta, layin da ya ja wannan da shi ya ja wancan. An ma ruwaito shi yana cewa idan karen ya faɗo masa a rai yana cikin aiki, sai hancin da yake zanawa ya ƙara tsawo, gashin matar ya zubo kamar kunnuwan karen. Rigimar ita ce, to me wannan kamannin yake nufi?

Ɓangare na farko, wanda gidajen gwanjo suka fi so, suna cewa zanen kwanciyar hankali ne. Mutumin da ya shafe rayuwa yana sauya mata ya samu wadda ta riƙe shi, ya zaunar da ita a kujera kamar sarauniya a karaga, ya ajiye alamar amana a gefenta. Hujjarsu tana da ƙarfi ta fuskar tarihi, domin ita ce ta tsaya masa kusan shekara 20, ita ke kula da cinsa da maganinsa, ita ke tare baƙi a ƙofa don ya samu ya yi aiki, kuma in ka jera wannan zanen da na Dora Maar tana kuka a 1937, bambancin a fili yake, babu wannan tashin hankalin a nan.

Ɓangare na biyu suna cewa a dakata. Amana a wurin kare ai biyayya ce ga ubangida, to idan ka zana matarka da layin da ka zana karenka, yabo ka yi ko kuwa ka lissafa dukiyarka ne? Su ma ba da ka suke magana ba. Françoise Gilot, wadda ta haifa masa 'ya'ya biyu kuma ta bar shi a 1953, ta rubuta a littafinta na 1964 cewa ya taɓa gaya mata mata iri biyu ne a wurinsa, waɗanda ake bauta wa da waɗanda ake goge ƙafa a kansu. Kuma an san Jacqueline tana kiransa da laƙabin girmamawa irin wanda ake yi wa manyan limaman coci. Masu wannan ra'ayin suna ƙarawa da yadda labarin ya ƙare: da ya mutu ta hana 'ya'yan Gilot halartar jana'iza, ita kuma a 1986 ta kashe kanta a gidan nan na Mougins. Raunin wannan karatun shi ne yana ɗauko abin da ya faru bayan shekara 24 ya zuba a zanen da aka yi a 1962, kamar mai zanen ya san gaibu.

Akwai ma masu juya shi gaba ɗaya su ce karen Picasso ne da kansa. Tsoho ne da ya koma hannun matarsa, ita ke zaune a karaga, shi ne a gefe ana shafa masa kai. Mutumin ya saba ɓoye kansa a jikin dabba, shekaru da yawa yana zana kansa a siffar mai kan bijimi, don haka ba abin mamaki ba ne, sai dai babu inda za a nuna a ce ga tabbaci.

Ɓangare na ƙarshe kuma, masu bin tsari da layi, suna ganin duk wannan tatsuniya ce ake ɗora wa fenti. A wurinsu mai zane ya ga siffofi biyu dogaye a ɗakinsa, ya ga sun dace, ya buga su da juna kamar yadda mawaƙi yake neman amsa-amo, shi ke nan. Suna cewa a dubi yadda aka raba filin ƙyallen, inda nauyi ya faɗa, inda buroshi ya yi gudu da inda ya tsaya. Wannan karatun yana kare mutum daga ƙirƙirar labarin da babu shi, amma shi ma yana da gurbi, domin bai bayyana dalilin da ya sa cikin duk dogayen abubuwan da ke gidan, kare aka zaɓa ba, dabbar da Picasso ya san sarai abin da take nufi a zanen magabatansa.

Idan aka auna, hujjar da ke kan ƙyallen kanta ta tsaya ne a kamannin da kusancin. Sauran, soyayya ce ko mallaka, daga tarihin rayuwarsu ake shigo da shi, kuma tarihin yana ɗauke da duka biyun.

To kuɗin fa?

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne irin wannan zanen na tsufansa ba a ɗauke shi da daraja ba lokacin da yake raye. A 1965 marubuci John Berger ya fitar da littafi yana cewa shahara da kuɗi sun killace mutumin, ya rasa abin zanawa. Da aka baje ayyukansa na ƙarshe a Avignon a 1973, wani tsohon abokinsa mai sharhi, Douglas Cooper, ya kira su kame-kamen tsohon da ke bakin kabari. Sai a shekarun 1980, da wasu matasan masu zane suka dawo da salon fenti mai gaggawa da kauri, aka waiwaya aka ce ashe tsohon gaba ya yi, musamman bayan babban baje kolin 1988 a Paris da Landan. Zanen bai canza ba, idon kasuwa ne ya canza.

Farashi kuma ba maki ba ne da ake ba kyau. Suna yake bi, da girman zanen, da tabbacin hannun da ya bi tun daga situdiyo, da ƙarancin irinsa a kasuwa tunda da yawa sun shige gidajen tarihi ba za su sake fitowa ba, sannan a samu attajirai biyu da kowa ya ƙi haƙura a dare ɗaya. A daren da aka sayar da wannan, an sayar da zanen tarin ciyawa na Claude Monet a dala miliyan 110.7. Na Dora Maar da mage ya kai miliyan 95.2 tun 2006. Masu suka suna cewa kallon kitse ake yi wa rogo, ajiyar kuɗi ce kawai aka rataye a bango, masu kare kasuwar kuma suna cewa ba wanda aka tilasta wa.

Abin da ya shafi wanda ba shi da miliyan 54

Na farko dai, duk zanen da ya kai wannan farashin ya fi ƙarfin yawancin gidajen tarihi na gwamnati, don haka yana tafiya gidan wani ko ma'ajiya, jama'a su koma kallonsa a waya, inda zanen da ya fi mita ɗaya da rabi tsawo yake komawa girman tafin hannu, kaurin fenti da sawun buroshi duk su ɓace. Rabin masu cewa yaro ma zai iya, a wannan girman suka gan shi. Faransa ta samu wata dabara a dokarta ta 1968 wadda ta ba magada damar biyan harajin gado da kayan fasaha maimakon kuɗi, kuma ta haka ne aka tara abin da aka buɗe gidan tarihin Picasso na Paris da shi a 1985.

Sannan hawan farashin yana jan hankalin masu saye zuwa wasu wurare. A 2018 zanen Tutu na mai zane ɗan Najeriya Ben Enwonwu, shi ma zanen siffar mace ne, ya tashi a fam miliyan 1.2 a Landan bayan an gano shi a wani gida a can. Wannan ya ɗaga darajar masu zanen Najeriya na wancan zamanin, har da 'yan ƙungiyar ɗaliban Zariya ta 1958 irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, amma kuma yana nufin ayyukan suna iya fin ƙarfin masu saye na gida, kuma inda kuɗi ya yi yawa jabu yana biyowa.

Wani lokacin kuma irin wannan aikin yana zuwa ya samu talaka a titi. A watan Agustan 1967 birnin Chicago ya buɗe wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai tsawon mita 15 da Picasso ya tsara, ya ƙi karɓar dala 100,000 da aka ba shi, ya ce kyauta ce, kuma bai sa masa suna ba bai ce ga abin da yake nufi ba. Nan take gari ya rabu, wasu suka ce kan mace ne, wasu suka ce karen nan ne mai dogon baki, wasu suka rantse gwaggon biri ne, har wani kansila ya nemi a cire shi a kafa na wani ɗan wasan ƙwallon baseball. Daga baya wani jikan Picasso ya ce ba Jacqueline ba ce ma, wata budurwa ce Sylvette David da ya yi ta zanawa a 1954. Yana nan a dandalin har yau, yara suna hawa gindinsa suna sulalowa.